Zagaye Dutsen Fuji da keke kaɗan-kaɗan, ga inda aka kwana

Asabar, 5 ga Oktoba 2024

Toh jama'a na fara. Abin da na sa a gaba shi ne in zagaye Dutsen Fuji da keke, in tashi daga nan Fujinomiya, garin da nake zaune a ƙasar Japan, in ɓullo ta ɗaya gefen in dawo gida. 'Yan keken garin nan a yini guda suke yin zagayen, sama da kilomita 100 ne ga hawa ba na wasa ba, su fita da asuba su dawo da magariba suna ta dariya abinsu. Ni ba na cikin layinsu. Litinin zuwa Juma'a ina wurin aiki, ƙafata kuma ta san iyakarta, don haka yanki-yanki zan riƙa yi duk ƙarshen mako, inda hali ya yi.

Keken na hannu ne, wajen wani dattijo mai gyara na saye shi a bayan tasha. Kafin ya bar ni in tura shi waje sai da ya yi masa rajista da sunana ya liƙa sitika mai lamba a jiki, don a nan ɗan sanda yana iya tsayar da kai ya duba lambar ya ga ko naka ne. Inshora ma dole ce a jihar Shizuoka ko da keke ne. Hular kwano kuwa tun Afrilun 2023 doka ta ce kowa ya yi ƙoƙari ya sa, ba tara, amma dattijon ya ce in ba zan saya ba kar in gaya masa ina zan je. Na saya. Sannan hannun hagu ake bi, wanda har yau in na fito daga lungu ba mota sai na tuna wa kaina da baki.

Yau dai cikin gari kawai na yi don in ji yadda giyar keken take. Na je Sengen Taisha, babban wurin bautar Shinto (addinin gargajiyar Japan) na garin, shi ne uwa ga wasu kusan 1,300 irinsa a faɗin Japan, kuma babban ginin da ke wurin Tokugawa Ieyasu, mai mulkin Japan na lokacin, shi ne ya sa aka gina a 1604. Abin da ya fi ba ni mamaki, saman dutsen kansa tun daga zango na takwas na hanyar masu hawa har ƙololuwa mallakin wannan wurin bautar ne, ba na gwamnati ba. Ni dai kallo na je, na tsaya daga tsakar fili, amma inda na daɗe shi ne bakin wani ɗan tafki a gefe da ake kira Wakutama. Ruwan ƙanƙarar da ta narke a kan dutse ne yake nutsewa cikin ƙasa ya yi shekaru yana tafiya sai ya ɓuɓɓugo a nan, garai-garai kana ganin ciyayin ƙasa suna kaɗawa, sanyinsa wajen digiri 13 rani da damina ba ya canzawa. Daga nan kogin Kanda ya faro ya ratsa gari. Na sa hannu, kai, sai da haƙorana suka amsa.

Dutsen kam ban gan shi ba. Gajimare ya rufe shi ruf.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Gargaɗi ga 'yan uwa masu zuwa garin nan. Abincin da Fujinomiya ta yi suna da shi soyayyiyar taliya ce, yakisoba, har ta ci gasar abincin garuruwa ta ƙasa a 2006 da 2007, kuma ƙamshinta in ya buge ka a gaban wurin bautar nan sai ka ji yunwar da ba ka zo da ita ba. Amma da ƙanzon kitsen alade ake soya ta, wannan shi ne sirrin ɗanɗanon ma, ba wai ɗan ƙari ne da za a tsame maka ba. Don haka a wuce. Kifi yana nan da yawa, garin suna kiwon wani kifin ruwan sanyi a wannan ruwan dutsen, a gasa shi da gishiri kawai ya wadatar. A kan hanya kuma guzurina dunƙulen shinkafa na kanti mai kifi a ciki, da ayaba, da dabino da na zo da shi.

Na leƙa cibiyar tarihin dutsen da aka buɗe a 2017, wadda Shigeru Ban ya zana. Ginin siffar Fuji ce aka kifa kanta ƙasa, sai ka kalli inuwarsa a ruwan da ke gabansa sannan ya miƙe daidai. A ciki kana hawa wata hanya mai murɗewa har sama inda aka bar ƙatuwar taga tana kallon Fuji. Yau ma farin gajimare na kalla ta tagar.

Asabar, 12 ga Oktoba

Yau aka fara na gaske. Bayan sallar asuba na fita, kuma ina karya kwana daga layinmu sai ga shi tsaye a ƙarshen titi, gaba ɗayansa, mita 3,776, ba ko ɗigon gajimare. Wallahi sai da na sauke ƙafa. Baƙi ne da ja-ja a sama, ba farar hular nan da kuka sani a hoto, don har yanzu ƙanƙara ba ta sauka ba. Abokin aikina ya riga ya gaya min, in kana son ganinsa ka tashi da wuri, da rana ta ɗaga ƙarfe tara goma sai gajimare ya taso daga teku ya naɗe shi. Haka kuwa aka yi.

Daga gari zuwa Shiraito ba nisa sosai amma hawa ne tun daga ƙofar gida, irin wanda ido ba ya gani sai cinya. Wani yanki na babbar hanya mai lamba 139 na motoci ne zalla, keke ba ya shiga, sai ka bi tsohuwar hanya ta cikin ƙauyuka, kuma gaskiya ta fi daɗi ma, ga gonakin shinkafa an gama yanka, ga ruwa yana gudu a kwata gefen titi tsaf kamar a sha. Duk inda ka tsaya a gefen nan ƙarar ruwa kake ji.

Shiraito ruwa ne mai zubowa daga kan gaɓa, tsayinsa mita 20 faɗinsa wajen 150. Amma yawancinsa ba kogi ne ya zo ya faɗo ba, daga jikin bangon dutsen yake tsattsafowa, tsakanin shimfiɗar narkakken dutse ta sama da ta ƙasa wadda ruwa ba ya iya ratsawa, sai ya fito zare-zare ɗaruruwa a jere. Na zauna a ƙasa feshin yana taɓa fuskata ina cin ayaba. Yana cikin wurare 25 da aka haɗa aka sa Fuji a jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013, kuma a matsayin wurin al'ada da bauta aka sa shi, ba don kyan halitta ba, abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Akwai wani a kusa, Otodome, shi guda ɗaya ne mai ƙarfi da ruri, kallo ɗaya na yi masa na wuce.

Daga nan na ƙarasa tafkin Tanuki. Ƙarami ne, an yi masa hanyar keke ta zagaye shi kilomita uku da 'yan kai, iyaye da yara suna ta yawo da kekunan haya. Wajen 20 ga Afrilu da 20 ga Agusta rana tana fitowa daidai kan ƙololuwar dutsen in kana tsaye a nan, masu kyamara tun dare suke kama wuri. Na yi azahar a kan ciyawa a bayan wasu bishiyoyi, ba wanda ya ko kalle ni sau biyu. Dawowa gangara ce zalla, hannuna ya gaji da matse burki fiye da yadda ƙafa ta gaji da hawa.

Asabar, 19 ga Oktoba

Ban fita ba, gari ba kyau. Na kai keken wajen dattijo ya canza min robar burki ya ɗaure sarƙa. Na sayi jakar da ake naɗe keke a ciki, don a jirgin ƙasan nan ba ka shiga da keke haka tsirara, sai ka cire taya ka cusa shi duka a jaka ko sirdi bai leƙo ba. Na gwada a ɗaki, gumi sharkaf.

Asabar, 26 ga Oktoba

Asagiri zuwa tafkin Motosu. Wannan yankin shi ne ya fi kwanta min a rai zuwa yanzu kuma ina ganin da wuya wani ya ture shi.

Bayan ka wuce Tanuki sai daji ya buɗe ka fito wani fili mai faɗi a kan tudu, makiyaya ce ta shanun madara, baƙi da fari suna kwance suna tuƙa, warin kashin shanu yana zuwa tun kafin ka gan su, ga masu lemar sauka daga sama suna shawagi can. Dutsen yana hannun damanka kusa sosai har kana ganin ƙaton tsagin da ke jikinsa ta yamma, Osawa, inda duwatsu ke ta zaftarewa har yau. Daga cikin gari sumul yake, daga nan kuwa sai ka ga duk tabo ne da zaizaya. Wannan shi ne amfanin keke a wurina, a mota minti kaɗan ka wuce, a keke kana tafe yana juya maka jikinsa a hankali.

Matsalar yankin ita ce manyan motoci. Nan dole ka hau 139 ɗin, gefen titin siriri ne a wasu wurare, tirela in ta wuce iskarta sai ta ja ka. Direbobin dai suna da haƙuri, wani sai ya bi ka a baya a hankali har sai ya samu sarari, ba hon ba zagi. Na tsaya a wurin hutawar matafiya na Asagiri na sha madara mai ɗumi da askirim, eh duka biyun, kar wanda ya tambaye ni.

Kana haye iyaka ka shiga jihar Yamanashi sai gangara zuwa Motosu. Na zagaya ta gefen arewa maso yamma don in ga inda hoton da ke bayan tsohuwar takardar yen 1,000 ya samo asali, dutse a sama inuwarsa a ruwa. Na zaro takardar daga aljihu na ɗaga ina gwadawa, sai na ga wani tsoho a gefe shi ma abin da yake yi ke nan, muka kalli juna muka yi dariya. A Yulin bana aka fito da sabbin kuɗi, sabuwar ta 1,000 zanen igiyar ruwa ne a bayanta, don haka tsohuwar ta fara ƙaranci a hannu, na ware guda na ajiye. Tafkin zurfinsa ya kai mita 121, ruwan shuɗi ne mai duhu har tsoro yake ba ni.

Oktoba ta kusa ƙarewa, har yanzu kan dutsen ba fari. A wurin aiki zancen da ake ke nan.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba zancen keke. Tun jiya sabuwar doka ta fara aiki, wanda aka kama yana latsa waya a kan keke ko ya sha giya ya hau, hukunci ya ƙaru sosai har da yiwuwar ɗauri. Ni abin da ya shafe ni taswira ce, yanzu sai in tsaya gefe in duba in mayar aljihu.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Hutu ne yau kuma bikin kaka na garin ake, daga 3 zuwa 5 ga wata duk shekara. Kowace unguwa ta turo amalankenta mai bene an yi masa ado da fitilu, matasa a sama suna kiɗa da sarewa, in biyu suka haɗu a mararraba sai a tsaya a yi ta gasar kiɗa kowa na son ya rikita ɗan uwansa. A ƙafa na je, keke ba zai ratsa ba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Ƙanƙara ta sauka! Mu ta gefen Shizuoka tun jiya aka hango fari-fari a sama, amma a hukumance sai ofishin yanayi na Kofu ya gani da ido daga can sannan ake sanarwa, kuma yau suka sanar. Tunda aka fara rubuta lissafin shekara 130 da suka wuce ba a taɓa yin latti irin na bana ba, a al'ada farkon Oktoba take sauka. Na fito tafiya aiki na ga maƙwabciyata tsohuwa tsaye a ƙofa da tsintsiya a hannu tana kallon sama, ta nuna min da haɓa, ba ta ce komai ba ta ci gaba da shara.

Asabar da Lahadi, 16 da 17 ga Nuwamba

Wannan karon da kwana na tafi, don daga Motosu zuwa gaba ba a yi a dawo a yini, ni dai ba zan iya ba. Abokin aikina ya sauke ni da keken a Motosu da 'yar motarsa, Allah ya saka masa, na ɗora daga inda na tsaya.

Motosu da Shoji da Sai, tafkuna uku ne amma tsayin ruwansu ɗaya, wajen mita 900 daga teku, in ɗaya ya ƙaru sauran ma su ƙaru, ana ganin ta ƙarƙashin ƙasa suke haɗe. Dalili kuwa a shekarar 864 dutsen ya yi aman wuta ta gefen nan, narkakken dutse ya malalo ya cike wani babban tafki ya raba shi. A kan wannan busasshen dutsen ne dajin Aokigahara ya tsiro. Hanya tana ratsa shi, kuma in ka tsaya ka leƙa za ka ga saiwoyin bishiyoyi a waje suna rarrafe kan baƙin dutse mai gansakuka saboda ba ƙasar da za su nutse. Sanyi ne a ciki na daban, yatsuna sun ƙage duk da safar hannu. Akwai alluna na gargaɗin beyar, ban sauka daga kwalta ba. Aman wutar dutsen na ƙarshe a 1707 ne, kuma ba a ce ya mutu ba, barci yake.

A bakin tafkin Sai akwai ƙauyen Nenba mai gidajen jinka. Ambaliyar laka ta shafe ainihin ƙauyen a 1966 lokacin wata guguwa, daga baya aka sake gina gidajen don masu ziyara. Yana da kyau, amma ka san an shirya maka shi ne.

Daga nan sai tafkin Kawaguchiko. Jama'a, mutane! Lokacin jan ganye ne, gefen arewa na tafkin an cika maƙil, motocin safa suna sauke 'yan yawon buɗe ido, kowa da waya a sama, masu kekunan haya wasu a hagu wasu a dama wasu sun tsaya tsakiyar hanya suna hoto. Tura keken na yi a wurare da dama. A garin nan ne a watan Mayu hukuma ta kafa baƙin labule a gaban wani kantin Lawson saboda masu tsallaka titi barkatai don su ɗauki kanti da dutse a bayansa, an sauke shi a Agusta. Ban ga laifin mutanen garin ba ko kaɗan. Ganyen dai ja ne jawur, dutsen da farar hularsa a bayan ruwa, ba ƙarya yana da kyau, amma in ka tambaye ni inda za ka kai kekenka, Asagiri zan ce maka.

Na kwana a wani ɗan masauki a Fujiyoshida. Da asuba na je Chureito, hasumiyar nan ja mai hawa biyar da ke kan kowace kalanda. Matakala 398 ce, na ɗaure keke a ƙasa na hau da ƙafafun da suka riga suka yi tsami. Na ɗauka tsohon gini ne na ɗaruruwan shekaru kamar yadda yake a ido, ashe a farkon shekarun 1960 aka gina ta don tunawa da mutanen garin da suka mutu a yaƙi. Ko a wannan sanyin na tarar da layi a dandalin hoto.

Abincin rana taliyar garin na ci, udon ta Yoshida, kauri gare ta da tauri, taunarta sai ka ce ganda. Da kabeji ake zubawa da naman doki, na ce a bar min naman. Ta riƙe ni har dare.

Komawa gida kuwa wani aiki ne. Ba jirgin da ya haɗa gefen nan da Fujinomiya kai tsaye, sai na naɗe keke a jaka na hau zuwa Otsuki, na canza zuwa Kofu, na sake canzawa na hau layin Minobu mai tsayawa kowace tasha yana bin kogin Fuji har gida. Madaurin jakar ya ci min kafaɗa.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Oshino da tafkin Yamanaka. Oshino tafkuna takwas ne ƙanana na ruwan ɓuɓɓuga irin na Wakutama, sai dai shaguna sun kewaye su da cinkoso, ban daɗe ba. Yamanaka shi ne mafi girma a tafkuna biyar na gindin Fuji kuma mafi tudu, kusan mita 1,000, yana da hanyar keke mai kyau a yawancin gefensa, ga manyan fararen agwagin ruwa suna bin mutane neman abinci. Ta nan tseren keke na gasar Olamfik ta Tokyo ya bi a 2021, wanda Richard Carapaz ɗan Ekwado ya ci, har an bar alamu na tunawa a bakin hanya. Na tsaya na kalli tudun da suka hau a guje na girgiza kai.

Sanyi ya fara wuce wasa. Inda inuwa take a gefen titi raɓa ta daskare, tayar baya ta ɗan zame min sau ɗaya a kwana, gabana ya faɗi. Ga rana tana faɗuwa tun wajen huɗu da rabi.

Lahadi, 8 ga Disamba

Abin da ya rage: daga Yamanaka in haye mashigin Kagosaka, mita 1,104, in gangara Gotemba, sannan hanya mai lamba 469 ta gefen kudu wadda ke hawa ta sauka ta cikin daji har ta dawo da ni Fujinomiya. Na nuna wa dattijo mai gyara taswirar, ya sa yatsa a kan Kagosaka ya ce da wannan siririyar tayar kar in kuskura sai Maris, safiya ƙanƙara ce a kan kwalta kuma ba ka ganinta sai ka hau. Na ji maganarsa.

Kafin nan zan riƙa yin gefen teku inda ba ƙanƙara, kuma hunturu ne lokacin da dutsen ya fi fitowa fes. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan gangara birnin Fuji, in bi ta gonakin shayi na Obuchi in ƙarasa tashar jiragen ruwa ta Tagonoura. Ina buƙatar fitilar gaba mai ƙarfi da safar hannu mai kauri, ta yanzu ba ta tare komai.